Idan Kumbo Ya Rabu a Fagen Yaƙi, Wa Ake Ceto?

A kashin farko na shirin Star Trek: The Next Generation, wanda aka fara nunawa a Amurka a watan Satumba na 1987, akwai wani wuri da bai wuce 'yan mintoci ba, amma ya zauna mini a rai fiye da duk harbe-harben da suka biyo baya a shekaru bakwai na shirin. Wata halitta mai suna Q, wadda ƙarfinta ya wuce misali, ta biyo kumbon Enterprise a guje. Kyaftin Picard ya ga gudu ba zai fisshe su ba, sai ya ba da umarni a raba jirgin gida biyu. Kyamara ta bi lungunan jirgin, ga iyaye riƙe da hannun 'ya'yansu, kowa na sauri zuwa sashen sama, wanda yake a kewaye kamar faifai. Picard ya ɗebi hafsoshi kaɗan ya sauka wani ƙaramin ɗakin tuƙi mai duhu a sashen ƙasa, inda babban inji da bututun harba makamai masu linzami suke. Kafin ya fita ya damƙa faifan a hannun Worf, ɗan ƙabilar Klingon, mutanen da ba su da abin alfahari kamar mutuwa a fagen daga. Worf ya miƙe ya nuna bai yarda ya tsere ba alhali shugabansa zai tari abokin gaba. Picard ya tuna masa cewa shi hafsa ne, an kuma ba shi umarni. Worf ya haɗiye abin da ke ransa ya zauna. Ƙugiyoyin da ke riƙe da sassan biyu suka saki, faifai ya ɗaga ya yi gaba da iyalai, gangar jiki ta juyo.

Da ta juyo ɗin ma ba faɗa Picard ya yi ba, miƙa wuya ya yi. Abin da yake so ya riga ya samu, yara sun yi nisa.

Tun daga lokacin nake bibiyar wannan dabara ta raba kumbo a duk inda ta ɓullo a ƙagaggun labaran sararin samaniya. Masu sha'awar irin waɗannan finafinai sukan kwana suna musu a kan ko rabuwar tana ƙara wa jirgi ƙarfi wajen faɗa. Ni a ganina ba ta ƙarawa, ragewa ma take yi. Duk da haka ina ɗaukar ta a matsayin tunani mafi daraja da masu shirin suka kawo, saboda dalilin da ya sa aka ƙirƙire ta tun asali. Ɓarnar ta zo daga baya, ranar da aka mai da ita makami.

Sai an san ginin jirgin kafin a gane maganar. Wannan Enterprise, wanda Andrew Probert ya zana, tsawonsa ya haura mita 600, hawansa 42, yana ɗauke da mutum dubu da 'yan kai. Gene Roddenberry, wanda ya ƙago Star Trek, ya yi tunanin cewa mutanen da za su shekara da shekaru suna yawon bincike tsakanin taurari bai kamata a raba su da iyalinsu ba. Saboda haka jirgin gari ne mai tafiya, da makaranta da asibiti da wurin aski da lambu. Mafi yawan wannan rayuwa tana cikin faifai. Gangar jiki kuwa ita ke da injin da ke sa jirgin gudun da ya zarce na haske, da dogayen ƙahoni biyu da ke bayanta. Wanda ya taɓa tsayawa a garejin manyan motoci ya ga direban tirela ya zare fil ya ja kai ya bar bodi a tsaye kan ƙafafunta, ya ga abin da ake nufi.

Ya kuma ga inda matsalar take, domin bodin da aka cire wa kai ba ta zuwa ko'ina. Faifan yana da nasa ƙananan injina, amma gudunsu bai kai na haske ba. Tauraro mafi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haske kansa sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya isa can. Idan aka saki faifai a tsakiyar dokar sararin samaniya, aka kuma tarwatsa gangar jiki a wajen faɗa, to an bar ɗaruruwan mutane a inda ba gaba ba baya, ga abokin gaba a kusa, ya kuma san inda suke. Sannan manyan layukan bindigar haske guda biyu, waɗanda suka fi duk sauran tsawo, a jikin faifan suke, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Sashen da ya tafi yaƙi ya bar manyan bindigoginsa a baya.

Wannan ya sa na ce rabuwar ba ta da amfani sai an yi ta kafin faɗa, a wurin da ake da mafaka. Sau ɗaya shirin ya nuna haka yadda ya kamata, a 1988, cikin kashin da ake kira The Arsenal of Freedom. An bar Geordi La Forge, a lokacin ƙaramin hafsa ne, yana riƙe da jirgi a saman wata duniya mai suna Minos, wadda mutanenta suka yi ta ƙera makamai suna sayarwa har makaman suka ƙarar da su. Wani makami da ba a gani ya yi ta dukan Enterprise, ga Picard da wasu hafsoshi a ƙasa cikin haɗari. La Forge ya janye jirgin gaba ɗaya ya yi nisa, har wasu suka zaci ya watsar da shugabansa. Sai da ya kai inda babu barazana ya raba, ya ba babban injiniya Logan faifai ya ce ya nufi sansani da mutane, shi kuma ya koma da gangar jiki. Ya yaudari makamin ya biyo shi cikin iskar duniyar, iska ta tona asirinsa, aka harbo shi. Madugu mai hankali haka yake yi, ya sauke raunana da kaya a zango kafin ya koma neman waɗanda 'yan fashi suka tare.

Abin da ke damuna shi ne cikin kashi 178 na shirin, sau uku kawai aka raba jirgin. Dalilin ba na cikin labari ba ne. A wancan zamani da samfurin jirgi na hannu ake ɗaukar hoto, kuma samfurin mai ƙafa shida da kamfanin Industrial Light and Magic ya ƙera, wanda ke iya rabuwa, yana da nauyi da wuyar sha'ani. A zango na uku aka ƙera ƙarami mai ƙafa huɗu, shi kuma ba ya rabuwa. Marubutan ma sun ga tsayawa a kwashe mutane a raba jirgi yana kashe zafin labari. Sakamakon haka mai kallo ya yi ta ganin Picard yana kutsawa bakin iyakar abokan gaba 'yan Romulan da sauran wurare masu haɗari da yara 'yan makaranta a cikinsa. Kuɗin ɗaukar hoto ne ya yanke wa waɗannan yara hukunci, kuma ina ganin hakan ya rage wa Picard wani abu daga mutuncin da aka gina masa a kashin farko.

Su kansu masu shirin sun san nauyin abin. A yaƙin Wolf 359, inda wasu abokan gaba da ake kira Borg suka hallaka jirage 39 da mutum kusan 11,000, akwai jirgi mai suna Saratoga da ya shiga da iyalai a ciki. Da wannan aka buɗe shirin Deep Space Nine a 1993: wani hafsa mai suna Benjamin Sisko ya tarar da matarsa Jennifer a ƙarƙashin ɓaraguzai, ba rai, aka janye shi da ƙarfi zuwa jirgin tsira tare da ƙaramin ɗansa Jake. Shekara guda bayan haka, a shirin dai, jirgin Odyssey, ɗan'uwan Enterprise a ƙira, ya sauke duk wanda ba a buƙata a tasha kafin ya tafi tarar wasu abokan gaba da ake kira Jem'Hadar. Bai dawo ba, wani ƙaramin jirginsu ya yi ƙunar baƙin wake a kansa. Waɗanda aka sauke a tasha su ne suka rayu.

Rabuwa ta uku, a 1990 cikin The Best of Both Worlds, ita ce wadda masu cewa dabarar makami ce suke kafa hujja da ita, don haka sai a duba ta da kyau. Borg sun kama Picard sun mai da shi nasu, duk abin da ya sani sun sani. Tun kafin a kama shi Kwamanda Shelby ta kawo shawarar a raba jirgi don a raba wa Borg hankali, Riker, mataimakin Picard, ya ƙi, ya ce za a iya buƙatar wutar injinan faifai. Da Riker ya zama kyaftin sai ya ɗauki shawarar nan, yana sane da cewa Borg sun san ta. Suka yi banza da faifai suka tasar wa gangar jiki. Shelby ta watsa wata wuta daga faifai da ta rikita na'urorinsu, wani hafsa mai suna Data da Worf suka sulale cikin ƙaramin jirgi suka ɗauko Picard. An yi nasara, amma a lura da irin nasarar. Rabuwar ba ta ƙara wa Enterprise ko bindiga ɗaya ba, ba ta kuma yi wa jirgin Borg wata illa ta a zo a gani ba. Yaudara ce, ta yi aiki saboda Riker ya san abin da abokin gabansa ya sani. Irin wannan sau ɗaya take ci.

Yaudara kuma tana da farashi, wanda aka sa a matsayin koto shi ke biya. A watan Oktoba na 1944, a yaƙin tekun Leyte, Japan ta raba rundunar ruwanta, ta tura Admiral Ozawa arewa da jirage masu dakon jiragen sama waɗanda kusan babu jirage a kansu, don ya janye Admiral Halsey na Amurka. Halsey ya bi shi, Admiral Kurita na Japan ya sami hanya ya ɓullo ta mashigin San Bernardino. Dabara ta ci, amma jiragen dakon Ozawa guda huɗu duk sun nutse, Kurita kuma ya juya bai cim ma abin da ya fito nema ba. Sashen da aka gina don ya ɓoye yara, ranar da aka mai da shi koto an juya masa aiki.

Daga nan sai jirgin Prometheus. A 1998, cikin shirin Voyager, a kashin Message in a Bottle, aka fito da wani sabon jirgin yaƙi na gwaji wanda ke tsagewa gida uku yana cikin gudu, kowane sashe da injinsa da makamansa, su kewaye abokin gaba su yi masa ruwan wuta ta fuska uku. Hoton yana da kyau ƙwarai, ba na musun haka. Na kalle shi da ɗan ƙanwata, yaro ɗan aji biyu a sakandare, ya miƙe tsaye don murna. Da aka gama ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, to me ya sa ba su ƙera guda uku ba tun farko?" Tambayar nan ita ce dukkan maganar, kuma har yau ban ji wanda ya ba ta amsa mai gamsarwa ba.

Mu yi lissafi. A ce jirgi yana da bindiga talatin, garkuwarsa kuma tana jure duka talatin kafin ta fashe. Idan ya sha duka goma, yana nan da bindigoginsa talatin suna aiki. Idan ya rabu uku, kowane sashe ya tashi da bindiga goma da garkuwar duka goma. Abokin gaba mai wayo zai zaɓi ɗaya ya tara masa wuta. Bayan duka goman nan dai, sashe ɗaya ya tafi, saura bindiga ashirin. Bayan wasu goma, saura goma. Ka ba shi damar ya cinye ka loma-loma, abin da da kana haɗe ba zai iya ba. Injiniyan Ingila Frederick Lanchester ya buga lissafi a 1916 da ke nuna yadda tara wuta wuri ɗaya ke ba da rinjaye, da yadda wanda aka rarraba ke narkewa. Mu ma mun san tsintsiya ba ta shara sai da maɗauri.

Akwai kuma maganar fata. Duk wanda ya sayi ƙanƙara da azumi ya san mai sayarwa ba ya fasa bulo sai mai saye ya zo, domin a dunƙule tana daɗewa cikin buhu, da an fasa ta sai ta fara tsiyaya. Dalili shi ne fuskar da ke taɓa iska ta ƙaru. Dunƙule mai fuska shida daidai wa daida, in ka yanka shi biyu, ka ƙara masa fuska biyu, fatarsa ta ƙaru da sulusi. In ka yanka shi uku, ta ƙaru da sulusi biyu. A wajen jirgin yaƙi, kowace fuska sai an yi mata sulke, sai an lulluɓe ta da garkuwa, wutar da za a yi hakan da ita kuwa ba ta ƙaru ba. Sai a haɗa da inji uku maimakon ɗaya, ɗakin tuƙi uku, na'urar iska uku, da ƙugiyoyi da ƙofofi da bututu da dole su yanke su sake haɗuwa ba tare da yoyo ba. Kowace mahaɗa wurin rauni ce. Duka ɗaya ya lanƙwasa ƙugiya, sassan ba za su sake komawa jiki ɗaya ba. A kashin farkon nan na 1987, jarrabawar da Picard ya fara yi wa sabon mataimakinsa Riker ita ce ya haɗe jirgin da hannu, aka ga kowa a ɗakin tuƙi ya yi tsit, alhali babu mai harbinsu.

Masu kare Prometheus suna da hujja ɗaya da nake girmamawa. A duniyar Star Trek garkuwa tana da ɓangarori, ana jin kyaftin yana cewa a karkatar da wuta zuwa garkuwar gaba ko ta baya. Wanda aka taso wa ta fuska uku ba shi da inda zai karkatar. Gaskiya ne. Amma ƙananan jirage uku irin Defiant, wanda Deep Space Nine ya fito da shi a 1994, za su yi wannan aikin ba tare da ƙugiya ko ɗaya ba, kuma gobe a iya aika su gari uku daban. Yaran da suka tashi da kallon Voltron a talabijin za su tuna cewa can akasin haka ake yi: zakuna biyar su sha wuya a rarrabe, sai sun haɗe su zama ɗaya ake gamawa da dodo. Wannan zanen yara ya fi kusa da lissafin yaƙi.

Sannan sassan da suka rabu sai sun yi magana da juna, maganar kuma ana iya toshe ta. Fim ɗin Star Trek Beyond na 2016 ya kai wannan tunani ƙarshensa. Dubban ƙananan jiragen Krall, mugun cikin fim ɗin, kamar taron ƙudan zuma, suka yayyaga wani Enterprise na daban, suka yanke masa ƙahoni da wuya. A ƙarshe ba da bindiga aka ci su ba. An gano siginar da ke haɗa tafiyarsu, aka cika ta da kiɗa ta rediyo, suka yi ta karo da juna suna fashewa.

Abin da ya fi tsaya mini a Prometheus ba lissafi ba ne. Waɗanda suka raba shi a ƙarshen kashin, suka tarwatsa babban jirgin Romulan, likitoci biyu ne na kwamfuta waɗanda ba su san tuƙi ba. Na'ura ta tambayi salon hari da wanda za a kai wa, suka faɗa, ta gama sauran. An shirya wurin don a yi dariya, ni kuwa tsoro ya ba ni. A 1987 raba jirgi hukunci ne mai nauyi da kyaftin ke yankewa yana tunanin rayukan da ke wuyansa. A 1998 ya zama maɓalli, babu yaro a jirgin da za a kare, kuma cikin masu dariya ba wanda ya tsaya tunanin mutum nawa ne a jirgin da ya fashe.

Inda rabuwa ta tabbatar da kanta a zahiri, ceto ta yi. A watan Afrilu na 1970 tankin iskar shaƙa ya fashe a kumbon Apollo 13 a hanyar zuwa wata. Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise suka koma cikin Aquarius, ƙaramin sashen da aka gina don ya sauke mutum biyu a kan wata na kamar kwana biyu, ya riƙe su su uku kusan kwana huɗu cikin sanyi da ƙarancin ruwa. Da suka kusa gida suka yar da sashen da ya lalace, suka yar da Aquarius, suka faɗo teku ranar 17 ga wata da ransu. Kumbon ya kasance sassa-sassa ne, shi ya sa da ɗaya ya mutu ɗaya ya ɗauke su.

Haka Enterprise na Picard ya ƙare a fim ɗin Generations na 1994. 'Yan'uwa mata biyu 'yan Klingon, Lursa da B'Etor, suka gano sirrin garkuwarsa suka yi masa mummunan rauni, babban inji ya kama hanyar fashewa, saura 'yan mintoci. Aka yi ta tura mutane zuwa faifai, ana ɗaukar yara a kafaɗa, wata yarinya ta saki 'yar tsanarta a ƙasa ba damar komawa. Aka raba, gangar jiki ta fashe, ƙarfin fashewar ya wurga faifai cikin duniyar Veridian ta uku, ya yi ta jan ciki yana kayar da itatuwa har ya tsaya. Mutane suka fito daga cikin ɓaraguzai, kusan dukkansu da rai. Data ma ya tarar da kyanwarsa a raye a ƙarƙashin tarkace. Wannan shi ne aikin da aka gina ƙugiyoyin nan dominsa, kuma a ranar da aka fi buƙatarsu sun saki.

Shi ya sa in aka ajiye mini jiragen biyu, Enterprise nake ɗauka, da duk rauninsa, kuma da ni ke rubuta shirin da Picard ya raba shi sau talatin. A 2023, a zango na uku na shirin Picard, an nuna an ɗauko faifan nan daga Veridian, La Forge ya shafe shekara ashirin yana gyaransa, ya ɗora shi a kan gangar wani jirgi mai suna Syracuse. Da suka fita da shi yaƙi da Borg, su bakwai ne kawai a ciki, duk manya, duk da yardarsu.